BP ba ya faɗuwa da wuri: karanta jikin babban mutum bayan tiyatar ciki

A ɗakin kwanciya na masu tiyata, ba kasafai mutum yake mutuwa farat ɗaya ba. Yawanci jikinsa ya ɗauki sa'o'i yana ba da alama, kuma sau da yawa alamun suna nan a rubuce cikin takardar awon da ke maƙale a ƙarshen gadonsa, da rubutun hannun ma'aikatan jinya kansu. An auna, an rubuta, amma ba wanda ya tsaya ya haɗa lambobin ya ga inda suka dosa.

A 2018 mujallar Lancet ta buga wani babban bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, ciki har da Najeriya, a kan manya sama da 11,000 da aka yi wa tiyata. Majinyatan sun fi na sauran sassan duniya ƙuruciya da ƙarancin tsofaffin cututtuka, matsalolin bayan aiki ma ba su kai na can yawa ba, duk da haka haɗarin mutuwarsu ya ninka na duniya sau biyu. Kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya, a kan gadon ɗakin kwanciya. Wato a hannunmu, mu ma'aikatan jinya. Shi ya sa nake ganin babu wata ƙwarewa a aikin jinyar manya da ta kai iya gane wanda ya fara zamewa tun da sauran lokaci.

Malamar jinyar nan ta Amurka, Christine Tanner, ta kasa wannan basira gida huɗu a 2006: ka lura, ka fassara abin da ka gani, ka yi aiki a kai, sannan ka waiwaya ka ga abin da aikin ya haifar. A takarda abin a jere yake. A bakin gado kuwa duk a cakuɗe suke zuwa, kana ɗaura kanula, 'yar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, kana tunani, kana jiran likita ya ɗauki waya kana sake ƙirga numfashi. Gara mu bi ta misali.

Lambobi uku na dare ɗaya

A ɗauka namiji ne ɗan shekara 35, nauyinsa kilo 60, taifot ya huda masa hanji, an buɗe ciki an ɗinke da la'asar. Yana da robar hanci da ke kaiwa har tumbi, robar fitsari, da robar da ke zuƙo ruwa daga cikin ciki. Ƙarfe 8 na dare: bugun jijiya 92, BP 120/75, numfashi 18, fitsari mililita 40 a awa. Ƙarfe 10: bugu 104, BP 115/80, numfashi 20. Ƙarfe 12: bugu 116, BP 110/85, numfashi 24, fitsari mililita 15 a awa. Ya ce ƙishirwa ta dame shi, yana ta juyi a kan gado.

Wanda BP kaɗai yake kallo zai ce lafiya lau, 110 ai ba ta faɗi ba. Nan ne tarkon yake. Jinin babban mutum kusan mililita 70 ne a kowane kilo, wato na wannan bawan Allah lita 4 da ɗan ɗoriya. Idan jini ko ruwa ya fara raguwa, jiki yakan matse ƙananan jijiyoyin fata, hanji da ƙoda, ya ƙara wa zuciya gudu, don ƙwaƙwalwa da zuciya su ci gaba da samun rabonsu. Da wannan dabara matashi mai ƙarfi zai iya riƙe lambar sama ta BP har sai ya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa, fiye da lita ɗaya ke nan. Ranar da ta faɗi, dabarar jikin ce ta ƙare, kuma daga nan saukar da sauri take.

To me ya kamata a gani? Na farko, bugun jijiya yana hawa a jere, 92, 104, 116. Na biyu, tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa tana tsukewa: 45, sai 35, sai 25. Lambar ƙasa tana hawa ne saboda jijiyoyi sun matse, ba don jiki ya samu sauƙi ba. Na uku, ka raba bugun jijiya da lambar sama ta BP. A mai lafiya amsar tana tsakanin 0.5 da 0.7. A nan ta tashi daga 0.77 zuwa 0.9 zuwa 1.05. Ba sai da kalkuleta ba: duk lokacin da bugun jijiya ya kamo lambar sama ta BP ko ya wuce ta, mutumin yana cikin haɗari har sai an tabbatar da akasin haka. Na huɗu, fitsari. Mafi ƙarancin abin da ake so shi ne rabin mililita a kowane kilo a awa, wato 30 ga mai kilo 60. Ƙoda ce ke fara jin ƙarancin jini, shi ya sa ledar fitsari take faɗin gaskiya kafin injin BP.

Wasu asibitoci suna amfani da jadawalin maki na NEWS2, wanda kwalejin likitoci ta Landan ta fitar da na farkonsa a 2012 ta sabunta a 2017. Yana da amfani sosai, musamman ga sabon ma'aikaci, domin yana ba shi hujjar kiran likita: maki 5 a duba da gaggawa, maki 7 zuwa sama a taho da gudu, idan kuma alama guda ta ci maki 3 ita kaɗai, nan ma a duba da gaggawa. Amma a lissafa wa mutuminmu. Ƙarfe 8 maki 1 ne. Ƙarfe 10 ma maki 1 ne. Sai ƙarfe 12 ya kai 5: biyu na numfashi, biyu na bugu, ɗaya na BP. Ma'aikaciyar da ta kalli alƙiblar lambobin tun ƙarfe 10 ta ga abin da jadawalin bai gani ba, ta mayar da awo duk rabin awa, ta duba tafin hannu da ledar fitsari. Awa biyun nan su ne ribar mai lura.

Numfashi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne alamar da ta fi saurin canzawa, kuma shi ne aka fi yi wa ƙarya. Duba takardun awo da yawa za ka ga 20, 20, 20 daga sama har ƙasa, alhali ba mahalukin da numfashinsa yake zama haka. Ana ƙirga shi ne minti ɗaya cur, ba daƙiƙa 15 a ninka huɗu ba, hannunka na kan wuyan hannunsa kamar bugu kake ji, don da zarar ya san numfashinsa ake kallo zai canza shi. Daga 12 zuwa 20 ne daidai. Ya kai 22 ka nemi dalili, ya kai 25 ka kira. Kuma saurin numfashi ba lallai daga huhu yake ba. Idan jini bai isa gaɓoɓi ba, tsami yakan taru a cikinsa, jiki ya riƙa fitar da shi ta hanyar haki. Kumburin ciki ma yana tura huhu sama. Ciwo yana hana jan numfashi mai zurfi, sai ya zama gajere da sauri. Idan kuwa ya sauka ƙasa da 10 ga wanda aka yi wa allurar kashe ciwo ta fentazosin ko mofin, yana gyangyaɗi, ƙwayar idonsa ta tsuke, maganin ne ya danne shi: a tashe shi, a sa oksijin, a dakatar da allura ta gaba, a nemo naloksan, maganin da ke karya ƙarfinsu.

Ƙaramin injin awon oksijin da ake maƙalawa a yatsa shi ma kada a ba shi amana duka. Yatsa mai sanyi, farce mai fenti, lalle mai duhu, ko rawar jiki, duk suna iya rikita shi, a gwada wani yatsan ko fatar kunne, a kuma tabbata bugun da yake nunawa ya yi daidai da wanda ka ji da hannunka. A fata mai duhu yakan ɗan ƙara lamba sama da gaskiya. Mafi muhimmanci, injin yana faɗin yadda jinin da ke akwai ya ƙoshi da oksijin ne, ba ya faɗin yawan jinin. Mutumin da jininsa ya zube zai iya nuna 99 yana kan hanyar mutuwa. Don haka a ja fatar ido ta ƙasa, a duba harshe da tafin hannu. A danna farce daƙiƙa 5 a saki, jan ya dawo cikin daƙiƙa 2.

Fassara: abu ɗaya, dalilai da yawa

Zuciya mai gudu bayan tiyata tana iya zama ciwo, zubar jini, ƙarancin ruwa, ƙwayoyin cuta a jini, ƙarancin oksijin, mafitsara da ta cika, zazzaɓi, ko faɗuwar suga. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama na farko, a ce ciwo ne, a yi allura, a koma tebur. Ciwo yakan ɗaga BP ne, kuma idan an yi maganinsa bugun ya kamata ya sauka cikin rabin awa. Bai sauka ba, to ba ciwo ba ne kaɗai. Mai zubar jini hannunsa da ƙafarsa sanyi ƙalau, ga zufa, ga fari fat a ido, bugun siriri ne da ƙyar ake jinsa. Wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa kuwa a farko jikinsa da ɗumi, bugun cike yake, lambar ƙasa ta BP ita ce ke sauka, sai daga baya ya yi sanyi. A mai hujewar hanji na taifot sau da yawa biyun a haɗe suke, ga ruwan da ke tsiyaya cikin hanji da kogon ciki wanda ba a ganinsa a kowace leda.

Abubuwa uku sukan yaudari mutum a nan. Robar ciki da ba ta zubo komai ba ba hujja ba ce cewa ba jini, gudan jini yana toshe ta, ko ta lanƙwashe a ƙarƙashin mara lafiya. Bandeji mai tsabta a sama ma haka, jini ƙasa yake bi, sai an sa hannu a ƙarƙashin baya an duba zanen gado. Sannan awon PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, a sa'o'in farko na zubar jini yakan fito daidai, domin jinin bai tsinke ba tukuna. A maimaita shi, kada a jingina da na farko.

Kafin a ce fitsari ya ragu, a bi robar daga jiki har leda. Ta lanƙwashe? Ledar tana ƙasa da mafitsara? A taɓa mara: idan ta yi tauri ta kumbura, fitsarin yana nan, hanya ce ta toshe. Tsayawar fitsari ɗif lokaci guda ta fi kama da toshewa, raguwa a hankali ta fi kama da ƙarancin ruwa. Idan ƙarancin ruwa ne, maganinsa ruwa, ba allurar sa fitsari ba. Kuma a nan ne ma'aikacin jinya ya kamata ya riƙe allurar diklofenak ta ciwo ko jentamaisin ta kashe ƙwayoyin cuta da lokacinta ya yi, ya tambayi likita tukuna, saboda duka biyun suna ƙarasa ƙodar da take fama.

Sai mai juyi da sambatu, wanda yake fizge roba yana neman sauka daga gado. Ana yawan cewa rigima ce ko magagin allurar barci, a nemi a yi masa dayazifam ya kwanta. Wannan allura ta kashe mutane. Sabuwar ruɗewa ƙwaƙwalwa ce take kukan rashin wani abu, kuma a NEWS2 ita kaɗai maki 3 ce. A auna oksijin, a auna suga, a duba BP, a taɓa mafitsara kafin komai. Suga ƙasa da 4 a injin da ke lissafi da mmol, ko ƙasa da 70 a mai lissafi da mg, faɗuwa ce, a san irin injin da ke hannu, bambancinsu ninki 18 ne. Wanda aka hana ci ba a ɗura masa ruwan suga a baki. Ta jijiya ake ba shi, mililita 150 zuwa 200 na ruwan suga mai kashi 10 cikin minti 15, a sake awo bayan an gama. Mai ciwon suga da ya sha ƙwayarsa ko aka yi masa insulin sannan aka hana shi abinci, da wanda ake yi wa kwinin, su ne a sahun gaba.

Haka nan "daidai" na littafi ba shi ne daidai na kowa ba. Dattijuwar da ta saba da 170/100, idan ta sauko 110/70 jininta ya faɗi ke nan ko da lambar ta yi kyau a ido. Mai shan atenolol ko firofiranolol, magungunan hawan jini masu rage gudun zuciya, zuciyarsa ba za ta yi gudu ba ko da yana zubar jini. Tsoho zai iya ruɓewa a ciki ba tare da zazzaɓi ba, wani ma jikinsa sanyi zai yi, kuma 35 a ma'aunin zafi ta fi 38.5 ban tsoro. Shi ya sa awon da aka yi kafin tiyata yake da daraja, da shi ake gwada na yanzu.

Bakin mara lafiya da na mai jinyarsa

Mutanenmu ba sa kai ƙarar jikinsu. Ka ce "Baba, yaya jiki?" zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da cikinsa kamar zai fashe. Tarbiyya ce da dauriya da tawakkali, kuma ba abin rainawa ba ne, amma ba za a gina shawara a kan wannan amsa ba. A yi tambayar da ba ta da mafaka. "Baba, ɗan yi tari in gani." "Nuna mini da yatsa ɗaya inda ya fi ciwo." "Mama, ciwon na yanzu da na safe, wanne ya fi?" Ana tambaya ana kallon fuska da yadda yake riƙe ciki. Maganar fitar iska, bayan gida, ko jini ta ƙasa, a rage murya, a sallami suruki da 'ya'ya tukuna, in ba haka ba kunya za ta sa a ce maka komai lafiya.

Mai jinya kuwa, matar ko ƙanin da ya kwana a tabarma gefen gado, ya fi kowa sanin yadda mutumin yake. In ta ce "Sista, ni dai ya canza mini," a tashi a je. A kuma tambaye ta cikin lalama ko an ba shi wani abu ta baki, kunu, ruwan rubutu, zamzam ko jiƙo. Wanda aka yi wa tsawa ba zai sake faɗin gaskiya ba. A bayyana mata dalili: hanjin bai farka ba, abin da aka zuba zai taru ya dawo, in ya yi amai a kwance ya faɗa huhu. A nuna mata yadda za ta jiƙa masa leɓe da auduga, kuma a ba ta aikin da zai taimaka, ta kira in ledar ruwa ta kusa ƙarewa, in ya yi amai, in numfashinsa ya canza.

Abin da hannu zai yi kafin likita ya iso

A koma ga mutuminmu na ƙarfe 12. Hanyar iska a buɗe take tunda yana magana. A sa oksijin. Robar hanci ta oksijin tana ɗaukar lita 1 zuwa 4 a minti, takunkumin fuska na yau da kullum ba a sa shi ƙasa da lita 5, mai jaka kuma yana son 10 zuwa 15, abin da yawancin injinan tace iska masu lita 5 ba za su iya ba, sai tukunyar oksijin. A duba kanula ko tana aiki, a ƙara ta biyu babba, koriya mai lamba 18 ko ruwan toka mai lamba 16. Shuɗiya mai lamba 22 ba ta ceton mai zubar jini. Wurin sa ta a ɗebi jinin PCV, na gwajin rukuni da na gishirin jiki. A ɗaga ƙafafu idan numfashi ya bari. A zuƙe robar hanci, a buɗe bandeji a gani, a rubuta abin da ke cikin kowace leda da launinsa.

Sai waya. Yadda aka faɗi magana shi ke sa likita ya taso ko ya ce a ci gaba da lura. "Dakta, mara lafiyar nan ba ya jin daɗi" ba ta tayar da kowa. A ce: "Dakta, sannu da aiki. Gado na 6 ne a ɗakin maza, wanda aka ɗinke wa hanji da la'asar. Bugunsa ya tashi daga 92 zuwa 116 cikin awa 4, BP 110/85, numfashi 24, fitsari 15 a awar da ta wuce, hannunsa sanyi. Ina zargin jini yake zubarwa a ciki ko ruwa ya yi masa kaɗan. Na sa oksijin da kanula ta biyu. Ina so ka zo yanzu, kuma in fara ruwan gishiri 500 kafin ka iso?" Halin da ake ciki, tarihi, abin da kake zargi, abin da kake nema. Faɗin zargi ba shiga hurumin likita ba ne, kai ne idonsa a wurin. A maimaita umarnin da ya bayar da baki, a rubuta lokaci. Bai zo ba cikin lokacin da ya dace, a sake kira, sannan a haura zuwa na gaba da shi da shugabar ɗaki. Jin nauyin tayar da babba da dare bai kai ran mutum ba.

Ruwan gaggawa yawanci mililita 500 ne na ruwan gishiri ko ruwan Ringa cikin minti 15, ko 250 ga tsoho da mai ciwon zuciya ko ƙoda. Ruwan suga mai kashi 5 ba ya wannan aiki, ba ya zama a jijiya. Da ledar ta ƙare a sake awo duka, a nan ne waiwayen yake. Bugu ya sauka ya zauna, ƙarancin ruwa ne. Ya sauka ya sake hawa, akwai inda yake zuba, a shirya jini da ɗakin tiyata. Numfashi ya ƙaru, jijiyar wuya ta cika, ƙasan huhu yana ƙara, ruwan ya yi yawa, a tsayar a zaunar da shi.

Ruwan yau da kullum ma yana da nasa lissafin da ake sakaci da shi. Leda ta 500 a awa 4, da layin da ke ba da ɗigo 20 a mililita, ɗigo 42 ne a minti, wato 10 ko 11 a daƙiƙa 15. Ana rubuta lita 3 a rana a fayil, amma abin da ya shiga jiki bai kai rabi ba, saboda hannu ya lanƙwashe, kanula ta fita daga jijiya, ko leda ta ƙare dangi ba su sayo wata ba. A rubuta lokacin ɗaurawa da na ƙarewa a jikin kowace leda. In an yi baya kada a buɗe layi a ce za a rama, a faɗa wa likita a sake lissafi. Abin da robar hanci ta zuƙo ana mayar da shi daban, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, abin da zufa take ɗauka a ɗakin da ba fanka ba kaɗan ba ne. Ruwan da ke fita ta robar hanci yana tafiya da fotasiyam, ɗaya daga cikin gishirin jiki, ƙarancinsa kuma yana hana hanji motsi ya rikita bugun zuciya. Ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya. Cikin leda ake zuba shi, a girgiza sosai, kada ya wuce mmol 10 a awa a ɗakin kwanciya, kuma sai an tabbatar fitsari yana fita.

In an kai ga ƙarin jini, mutum biyu su karanta suna, lamba da rukuni a bakin gado. A yi awo kafin a fara da bayan minti 15, kuma mintunan nan a tsaya kusa, don mummunan rikici a farko yake bayyana: rawar sanyi, ciwon baya, ƙuncin ƙirji, fitsari ja ko baƙi. An ga haka a rufe nan take, a canza layi gaba ɗaya, a riƙe jijiya da ruwan gishiri, a ajiye ledar. Kowace leda ta ƙare cikin awa 4 daga fitowarta firij.

Duk wannan a daren da ma'aikaciya ɗaya ko biyu suke riƙe da ɗaki cike. Ba zai yiwu a yi wa kowa awo duk awa ba, dole a zaɓa. Tun wurin karɓar aiki a ware mutum uku ko huɗu da suka fi haɗari: wanda ya fito daga tiyata yau, wanda aka yi wa aikin gaggawa, tsoho, mai ƙarin jini, wanda lambobinsa suka motsa. A matso da gadajensu kusa da tebur. Sabon abu yana gaban tsoho, abin da ba a zata ba yana gaban wanda aka zata. Mai ihu yana da numfashi da ƙarfin yin ihun. Wanda ɗazu yake surutu yanzu ya yi tsit, shi za a fara leƙawa.

Wucewar daren farko ba ta rufe magana. Zazzaɓi mara tsanani a kwana na 1 da na 2 yawanci martanin jiki ne ga yanka, abin yi shi ne a zaunar da mara lafiya, a ɗaga kan gado, ya rungumi matashi a kan ɗinki ya yi tari da dogon numfashi duk awa, a kuma sauko da shi ya taka da wuri. Zazzaɓin da ya taso daga kwana na 3 zuwa sama sai an bi shi gaɓa gaɓa: ƙirji, fitsari, wurin kanula, ɗinki, da sha-raɓa ko ɗaya ta fi ɗaya kumburi. A yi gwajin maleriya, amma ko ya nuna akwai kada a tsaya nan, mutum yana iya ɗauke da ita kuma hanjinsa yana yoyo. Tsakanin kwana na 4 da na 7 ne ɗinkin hanji yake yawan saki, a taifot kuma wani wurin yana iya sake hujewa. Alamar farko sau da yawa ba ciwo ba ce: wanda jiya ya fara murmurewa yau bugunsa ya koma sama da 100 ya ƙi sauka, ciki ya sake kumbura, ga shaƙuwa, ruwan robar ciki ya koma kore ko ruwan ƙasa mai wari. Haki na farat ɗaya da ciwon ƙirji bayan kwanaki a kwance kuwa, a yi zargin gudan jini ya tafi huhu.

Wajen kwana na 7 zuwa na 10, in bandeji ya jiƙe sharkaf da ruwa mai launin ja-ja marar kauri, ɗinkin ciki ne yake shirin buɗewa, ko da fatar sama tana nan a haɗe. A kwantar da shi, a hana shi yunƙuri, a sanar da likita kafin a cire zare ko ɗaya. In kuma hanji ya riga ya fito, ba a mayar da shi da hannu. A rufe da babban ƙyallen rauni mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishiri, a ɗan ɗaga kan gado, a lanƙwashe gwiwoyi don ciki ya saki, a hana ci da sha, a tabbatar da kanula, a riƙa awo duk minti 15, wani ya tsaya a kansa yana kwantar masa da hankali yayin da ake shirya ɗakin tiyata.